Hajarar da Na Je Nema Babura

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a nan Kazaure, mahaifinmu ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya miƙa hannun dama zai ɗauki buta, hannu ya ƙi. Kafin mu kai shi asibiti bakinsa ya karkace. Da za a sallamo mu, likita ya ja ni gefe ya ce maganarsa za ta dawo a hankali, amma kada mu yi mamaki in ta dawo a hargitse. Na gyaɗa kai kamar na gane. Ban gane komai ba sai daga baya.

Mahaifinmu ɗan kasuwar hatsi ne tun da muka buɗe ido muka gan shi. Mutum ne mai ƙarancin magana, daga rumfa sai masallaci sai gida. Bai yarda da zaman banza ba. In ya wuce ya hango ɗayanmu a tsugune wajen 'yan dara, kallo ɗaya zai yi maka ka tashi da kanka. Yayana ya taɓa shigo da ludo gida yana yaro, a murhu ta ƙare.

To wannan mutumin ne, da bakinsa ya fara buɗewa, kalmar farko da muka ji sosai ita ce, "Dusa."

Mahaifiyata tana zaune tana yi masa fifita. Ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Alhaji, dusa kuma? Tumakin sun ci, kada ka damu."

Ya sake cewa, da ƙarfi, "Dusa!"

Ta tashi ta ɗebo dusa a ƙaramin kwano ta kawo gabansa, ko gani yake so ya yi ya tabbatar akwai. Ya kalli kwanon, ya kalle ta, irin kallon da ake yi wa wanda ya zage ka a kasuwa, ya juya fuska bango.

Bayan wannan sai "dubara". Muka ce dabara yake nufi, muka yi ta tambayar wace dabara yake so a yi. Sai kuma wata da ta fi ɗaure mana kai, "shesh-besh". Wannan kam ba mu sami inda za mu ajiye ta ba a Hausa. Ƙanwata ta ce ita dai a nemi taimako, wannan ba harshen mutane ba ne. Aka karɓo rubutu, aka yi hayaƙi. Muka kira wata maƙwabciyarmu da ke jin Barbarci ta zauna ta saurara, ta ce ba nasu ba ne. Wani abokin cinikinsa Bafillace ya zo dubiya, shi ma ya ce bai taɓa jin irinta a rugarsu ba. Ni kuma da nake taƙama da ɗan Turancina, har na ce wa mutane wataƙila sunan wani magani ne da ya ji a asibiti.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne ranar da ya fara kiran Hajar.

Yakan sa hannun hagu, wanda ke da lafiya, ya riƙa dangwalar tabarma a jere kamar mai ƙirga wani abu. In ya kai wani wuri sai ya tsaya, ya laluba, ya ɗago ya dube mu. "Hajar babu. Guda ɗaya. Ku nemo." Sai ya ƙara, "Ta bi gyaɗa." Daga nan sai hawaye. Ni ban taɓa ganin hawayen mahaifina ba sai a wannan ciwon. Abinci kuma ya fara ƙinsa. In aka kai masa cokali sai ya danne baki. Kunu ma sai da lallashi, ya yi kurɓa biyu ya ture kofin. Muna gani yana ramewa.

Yayana, wanda ya fi mu karatun addini, ya ce abin a fili yake: hajar dutse ne da Larabci, Baba Hajarul Aswad yake tunawa, zuciyarsa ta koma Makka. Na ji daɗin wannan fassara ƙwarai. Aka samo hoton Ka'aba aka kawo masa. Ya daɗe yana kallo, ya shafa, ya yi salati a hankali. Sannan ya ajiye, ya koma dangwalar tabarmarsa. "Hajar babu. Ta bi gyaɗa."

Na ce wa yayana, "Yaya, Hajarul Aswad dai ba ta bin gyaɗa." Bai yi mini magana ba har washegari.

Matsalar ita ce 'yan dubiya suna da kunne. Ba a daɗe ba magana ta fara yawo a unguwa cewa Alhaji yana da wata 'ya a wani gari, sunanta Hajara, da ya ɓoye tun yana saurayi, yanzu da ya ga alamar tafiya yake nemanta. Wasu suka ce mata ce ya saka. Wata ta rantse wai ta taɓa jin labarin. Ƙanwata ta dawo daga gidan suna tana kuka saboda abin da aka gaya mata a fakaice.

Muka taru a ɗakin mahaifiyata, ni da yayana da ƙanwata, kowa yana kame-kame, an rasa mai fara magana. Ita ce ta fara. Ta ce, "Na ji abin da ake faɗa. Ni ban san wata Hajara ba, kuma bai taɓa ambata mini ita ba. Amma mutumin nan ya yi rayuwa kafin ya auro ni. In akwai ta, jininku ce. Ku nemo masa ita ya gan ta, ya ci abinci. Abin da mutane za su ce ba shi zai riƙe masa rai ba."

Yayana ya ce, "Inna, ina za mu neme ta?"

Ta ce, "Ku tambayi gwaggonku. Ita ta san shi tun ba shi da gemu."

Gwaggonmu, ƙanwar mahaifinmu, tana aure a Roni. Na hau mashin na same ta tana bakacen gero. Da na gama bayani ta ajiye faifai. Ta ce ita ma ba ta san Hajara ba, amma maganar gyaɗa ta tuna mata wani abu. Kafin ya fara hatsi, ya yi shekaru a Babura yana aikin awon gyaɗa a wajen wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa, zamanin da gyaɗa ke da daraja. Yana da wani amini a can, Babarbare, dogo, mai tsagen fuska, tare suke kwana tare suke tashi. Ta gaya mini laƙabinsa. Ta ce, "In yana raye, ko me yayana ya binne a garin nan, shi ya riƙe masa fartanya."

Na shiga motar Babura ranar kasuwa, ni da buhunan masara da wani bunsuru da ya ɗora haɓarsa a gwiwata har muka isa. Duk hanya ina ta shirya abin da zan ce wa yayar da ban taɓa gani ba. Har kamanninta na zana a raina: doguwa, mai hancin Baba.

A nan ne na tafka wauta. Maimakon in nemi aminin nasa kai tsaye, sai na ce bari in gwada sa'a. Na tambayi wani mai shayi ko ya san wata dattijuwa Hajara da danginta suka yi harkar gyaɗa. Ya ce ya san uku. Ya nuna mini ta kusa, wata mai sayar da fura a bakin kasuwa. Na je na durƙusa na gaishe ta, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Iya, don Allah, kun san mahaifinku kuwa?"

Ta ajiye ludayi. Ta ce, "Me ka ce?"

Ban tsaya na maimaita ba. Har na sha kwana ina jin muryarta tana gaya wa maƙwabtanta cewa ga wani ɗan Kazaure ya zo da hula mai kyau yana tambayarta ubanta. Sauran Hajarorin biyu na bar su da lafiyarsu.

Aminin Baba kuwa bai yi wuyar samu ba. Da na ambaci laƙabinsa a layin 'yan hatsi, kowa ya san shi. Na same shi a zaurensa, tsoho tukuf, ido ya yi rauni, amma murya garau. Da na faɗi ko ni ɗan wane ne, ya kamo hannuna ya ƙi saki. Ya tambayi mutuminsa, na gaya masa halin da ake ciki. Ya yi ta salati. Sannan na sunkuyar da kai na ce, "Baba, akwai wata magana mai nauyi. Yana ta kiran wata Hajara. Ya ce ta ɓata, ta bi gyaɗa."

Tsohon ya saki hannuna. Na ce a raina shi ke nan, gaskiya ce.

Ya ce, "Hajara ya ce, ko hajar?"

Na ce, "To, bakin nasa ba ya fita sosai. Hajar muke ji."

"Yana cewa dusa?"

Na ɗago da sauri. "Yana cewa."

"Dubara fa? Shesh-besh?"

Na ce, "Duk yana faɗa, Baba."

Sai tsohon nan ya fashe da dariya, har da tari, har da riƙe ciki. Ina zaune ban san ko in taya shi ba ko in ji haushi. Da dariyar ta lafa sai na ga yana share ido da hannun riga, kuma ba hawayen dariya kaɗai ba ne. Ya tashi da kyar ya shiga cikin gida. Ya daɗe. Ya fito da wani akwatin katako mai faɗi, naɗe a tsohon zane, ya buɗe shi biyu a gabana kamar littafi. Cikinsa an yi masa ado da zane masu tsini kamar haƙoran zarto, ga wasu 'yan fayafayan katako kewayayyu, farare da baƙaƙe.

Ya ɗauki ɗaya ya sa mini a tafin hannu. Ya ce, "Ga yayar taka."

Na juya abin, na sake juyawa. Wallahi ban gane ba.

Ya ce wannan darar Kwarori ce, suna ce mata tawula. Maigidansu ba shi da abokin wasa in kaka ta wuce aiki ya yi sauƙi, sai ya koya musu, su biyu. Da zai bar garin ya bar musu ita. 'Ya'yan darar, in guda ɗaya ce, hajar maigidan yake cewa. In ya haɗa su duka sai ya ce ƙushat, ko wani abu mai kama da haka. Mahaifin maigidan kuma, wani tsoho da ya taɓa zuwa ya yi rani ɗaya, shi ful yake ce musu, ya ce haka Turkawa suke faɗa a garinsu yana yaro, yana ma yi wa ɗansa faɗa wai ya ɓata sunan. "Mu kuwa," in ji shi, "da muka gaji da karya harshe, sai muka sa wa farare waina, baƙaƙe ƙuli-ƙuli."

Na ce, "Dusa fa?"

Ya zaro wasu 'yan ƙwayoyi biyu masu ɗigo-ɗigo irin na ludo. Ya ce in ka jefa, kowace faɗuwa da sunanta. Uku da uku dusa. Biyu da biyu dubara. Shida da biyar shesh-besh. Na tambaye shi wane harshe ne. Ya ce shi ma ya tambaya, maigidan ya ce ba Larabci ba ne zalla, shi ma haka ya tarar ana faɗa.

"To, ta bi gyaɗa ɗin fa?"

Ya ce, "Wannan kam gaskiya ya faɗa." Wata rana suna wasa a kan buhuna, mota ta iso ɗaukar kaya, suka tashi a gaggauce, wata fara guda ta gangara ta faɗa cikin buhun da ba a ɗinke ba. Kafin su ankara an ɗinke an loda. Suka bi motar da gudu har bayan gari. "Ina jin tana Turai yanzu, an matse ta an yi mai." Ya tona cikin 'ya'yan ya fito da wata da ta bambanta da sauran, ƙodagon goriba ne aka fere shi ya yi faɗi. Shi ya sassaƙa ta a madadin wadda ta ɓata. Ya ce mahaifina bai taɓa yarda da ita ba.

Na ce, "Baba, mahaifina fa? Wanda ya ƙona mana ludo?"

Ya ce, "Shi fa. Babu wanda ya kai shi iyawa, har maigidan yake cinyewa. Da ya fara zama gaban malamai ya ji hukuncin wasan ƙwaya, rana ɗaya ya naɗe ta ya kawo mini, ya ce in ƙona. Na ce to. Ka ga yadda na ƙona."

Washegari muka taho Kazaure tare, shi da akwatinsa a cinya, ya ƙi yarda a sa a bayan mota.

A ƙofar gida yayana ya tare mu. Da ya ji bayani, ya ga abin da ke cikin zanen, fuskarsa ta canza. Ya ce, cikin ladabi amma ba wasa, "Baba, ku yi haƙuri. Abin da ya bari don Allah yana da ƙarfinsa, ba za mu mayar masa da shi ba yana kan gadon ciwo." Ni kaina na san maganarsa ba ta banza ba ce. Muna tsaye cirko-cirko sai ga mahaifiyata ta leƙo zaure da mayafinta.

Tsohon ya ce, "A'a, amarya, kina nan?"

Ta ce, "Ina nan, an tsufa. Ina Hajarar?"

Na buɗe akwatin na nuna mata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wannan ce?" Na ce ita ce. Ta ce, "Ikon Allah." Sannan ta juya ga yayana. "Me aka hana a ciki, katakon ko jifan?"

Ya ce, "Jifan ƙwayar ne, Inna."

Ta ce, "To ka riƙe ƙwayoyin a aljihunka. Katako ya shiga."

Da tsohon ya yi sallama a bakin ɗaki, mahaifina ya juyo. Ban san ko fuskar ya gane ko muryar ba, amma ya yi yunƙurin tashi har sai da na tallafe shi. Ba su yi wata doguwar gaisuwa ba. Tsohon ya zauna a ƙasa, ya buɗe akwatin a kan tabarma, ya zube 'ya'yan. Hannun hagun Baba ya fara jera su. Biyu nan, biyar can, uku can, ba tare da ya yi shakka ko sau ɗaya ba. Sai a lokacin na gane abin da yake dangwala a tabarma duk kwanakin nan. Ya jera baƙaƙe, ya jera farare, ya kai wani wuri ya tsaya. Hannun ya laluba.

Tsohon ya ɗauko ƙodagon ya ajiye a wurin.

Baba ya kalle shi. Ya sa ɗan yatsa ya ture. Ya ce, a fili, ba gargada, "Ba ita ba ce."

Tsohon ya ce, "Kai dai ba ka da godiya. Tun muna samari kake gaya mini haka." Ya mayar da ita. Baba ya sake turewa. Ya sake mayarwa. Sai muka ji wani sauti daga ƙirjin Baba, har ƙanwata ta zabura ta zaci shaƙewa ce. Dariya yake yi, da rabin baki.

Da yake ƙwayoyi suna aljihun yayana, da baki suka yi wasan. Kowa in nasa ya zo sai ya faɗi abin da yake so a ce ya faɗo masa. Baba kullum manyan yake kira, tsohon yana ihu wai ana cutarsa a gaban 'ya'ya. Yayana yana tsaye a bakin ƙofa, na ga yana ta lissafin ko wannan ma ya halatta, bai samu amsa ba, ya tafi masallaci. Cikin wasan mahaifiyata ta turo kwanon tuwo gefen tabarma. Tsohon ya wanke hannu ya fara ci, ya ce, "Zo mana." Baba ya sa hannu.

Tsohon ya yi mana kwanaki, daga baya ya riƙa zuwa lokaci-lokaci. Baba bai warke sarai ba, amma ya ci abinci, ya yi ƙiba kaɗan, ya ga damina biyu bayan nan kafin Allah Ya karɓi abinsa. Aminin nasa bai daɗe ba ya bi shi. Allah Ya jiƙansu. Akwatin yana wajen 'ya'yan tsohon a Babura. Maganar unguwa kuwa ta mutu da kanta, ko da yake har yau akwai wata tsohuwa da ta yi imani mun ɓoye gaskiya ne.

Ni dai ban iya wasan ba har yanzu. Sunayen ma ban tabbata na riƙe su daidai ba. Ko a gabana sai da su biyun suka yi gardama kan ƙushat ne ko ƙishat, kuma babu sauran wanda zan tambaya yadda maigidansu yake furtawa. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, na yi shekara arba'in a gaban mutum ina ganin na san shi ciki da waje, ashe akwai wani saurayi a cikinsa mai bin mota da gudu saboda 'yar dara, wanda bai taɓa gabatar mana da shi ba. Yanzu in ina zaune da tsoho nakan rage surutu, in yi tambaya.

Bayan an yi sadakar arba'in ɗin Baba, ina taya mahaifiyata gyaran ɗaki, na ga wani turmin atamfa sabo a ƙasan akwatinta, ko warware shi ba a yi ba. Na tambaye ta na wane ne. Ta ce ranar da na tafi Babura ta aika aka sayo, don kada baƙuwa ta zo gidan ubanta ta koma hannu wofi. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta karɓi atamfar ta shafa, ta ce, "Ni fa har na fara sonta."